Daɓen da Na Yi da Jan Fentin Gada

Gaisuwa ga masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce yanzu, amma lokacin da abin nan ya same ni yarinya ce ni ɗanya shakaf, ban daɗe da haihuwar fari ba. Ina zaune da maigidana da mahaifiyarsa a wani ƙauye na ƙasar Magariya, zamanin mulkin Nasara, 'yan shekaru kafin su tattara nasu ya nasu su tafi. Gidanmu na noma ne da kiwo, gero da gyaɗa a gona, 'yan shanu a bayan gida, ni ke tatsa ni ke kai nono talla. In faɗi gaskiya kuma, ina da son a sani. So nake a shigo ɗakina a ce kai, wance ta iya gyara. Ƙoraina sai na kankare su sun yi fari tas, tasoshina a jere suna ƙyalli, in kuwa wata ta fi ni wani abu to ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Har yau ban ce tsabta laifi ba ce, amma ta wannan hali nawa aka shigo mini.

Kusa da ƙauyenmu akwai gadar ƙarfe a kan korama, a hanyar da manyan motocin gyaɗa ke bi su nufi iyaka. Tun zamanin aikin tilas aka gina ta, surukina ma, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ɗauko ƙarafanta a ka. Da rani in ruwa ya janye, ƙarƙashinta hanya ce ta shanu da jakuna da raƙuma. To gada ta tsufa. Tsatsa ta ci ta har mutum na iya ɓamɓaro ƙarfen da farce kamar ƙanzo a gindin tukunya, katakanta sun ruɓe, in kamiyo, wato babbar motar kaya, ya hau sai ta riƙa rawa tana kuka, direba ya sauke mutane su haye a ƙafa suna salati. Daga ƙarshe kwamanda, wato Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko a gyara ta. Aka rufe ta, aka shimfiɗa wa motoci hanya ta cikin yashi da itace da zana, aka kafa shantiye, wato sansanin masu aiki, a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke bakin korama. Lokacin an daina aikin tilas, biyan mutane ake yi, don haka maza suka yi ta rububin shiga. Maigidana ya samu wuri cikin masu kankara.

Rataye su ake yi da igiya a kan katako a jikin gadar, kowa da 'yar guduma da burushin waya, suna ɓamɓare tsatsa da tsohon fenti har ƙarfe ya fito fes. Maƙera na ƙasa suna zuga wuta suna gasa ƙusoshi, a cire ruɓaɓɓu a buga sababbi da zafinsu. In an kankare wuri sai a shafa masa wani jan fenti, ya bushe, sannan a bi da mai ruwan toka a sama. Shi jan fentin nan gari ne yake zuwa cikin garwa, mai nauyin tsiya, ja mai haske da ban taɓa ganin irinsa ba, su kwaɓa shi da mai. Maigidana yakan dawo gida ja wur har cikin hanci, ni kuwa ina tsokanarsa cewa na auri baƙi an musanya mini da Buzu. Abin da ke kai ni shantiye madara ce. Nasaran da ke kula da aikin ya sa tafintansa ya nemo masu kawo madarar shanu kullum da safe, a ba kowane mai kankara da mai fenti ya sha kafin ya hau. Ba wanda ya gaya mana dalili. Wasu suka ce kirki ne, wasu suka ce so yake su yi ƙarfi ya ƙara musu aiki. Shi dai in zai matso kusa da masu kankara sai ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, muna yi masa dariya muna cewa raki gare shi. Wallahi mun ga wannan da idonmu, amma ba mu tambaya ba, don a wancan zamani ba a tambayar Nasara.

Wata safiya na juye madara ina jiran a ba ni ƙwaryata, sai na hangi garewanin da aka ƙarar an jibge su bayan tsamiya. Na leƙa na ga kowace da sauran jan garin maƙale a gindinta. Nan take raina ya biya. Dama ina shirin yin sabon daɓe, don 'yata ta fara rarrafe, tsohon daɓen ɗakina kuwa duk ya farfashe yana ƙuje mata gwiwa. Na tambayi tafinta ko ana so, ya ɗaga kafaɗa ya ce shara ce, in kwashe in ina so. Ban sata ba, ban ɓoye ba, a gaban kowa na riƙa kankaro shi da ludayi ina tarawa, yau kaɗan gobe kaɗan, har na cika wata tukunya. Da na nuna wa maigidana ya yi dariya, ya ce abin da ke hana ƙarfe ruɓewa ai zai hana daɓe fashewa, in yi abina.

Ga waɗanda suka tashi a kan siminti ba su san daɓe ba, gayya ce ta mata. A zuba tsakuwa da ƙasa a ɗaki, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, mata su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna waƙa ana yayyafa makubar, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Na dafa dambu na dama fura, mata suka cika gidan. Da aka zo shafen ƙarshe sai na fito da tukunyata na zazzage jan garin cikin makuba, na dama da hannuna. Kai, ranar an yi guɗa! Daɓe ya fito ja jawur yana ɗaukar ido, ragowar kuma na shafe gindin bango da shi, daidai tsayin da yaro ke dafawa in yana koyon tsayuwa. Har daga ƙauyukan maƙwabta mata suka riƙa zuwa kallo. Da yawa sun roƙe ni in sam musu, wata ƙawata har fushi ta yi da ni, amma na ce ya ƙare, alhali akwai saura a ƙarƙashin gado. Ban so a yi ɗaki biyu irin nawa a garin. Ku ji ikon Allah, rowar nan tawa ita ta tsare 'ya'yan mutane, ta bar tawa ita kaɗai.

A kan wannan daɓe 'yata ta yi rarrafenta. Ga shi 'yar fari ce, a al'adarmu kuwa uwa ba ta rungumar 'yar fari a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, ko sunanta ba ta faɗa, kunya ake yi. Surukata na tsakar gida kullum, don haka sai in ajiye yarinyar a ɗaki in fita aikina, hankalina kwance tunda ɗakin tsaf yake. In na dawo in tarar da tafin hannunta da gwiwoyinta sun yi ja, wani lokaci har bakinta, don takan kafa baki a bango tana lasa kamar ta sami zuma. Sai in goge mata da bakin zane ina cewa ja'ira ta gaji ubanta. Yarinya ce mai ƙiba mai fara'a, ta fara cewa Inna, ta fara kiran saniyarmu da irin sautin da nake kiranta, kafin damina ta faɗi har ta fara taku tana faɗuwa.

Cikin damina ta fara canzawa. Ta ƙi nono, ta ƙi kunu, cikinta ya ɗaure, sai kuka ba dalili tana dafe ciki tana miƙewa. Ta yi fari fat, takun da ta fara ta daina, ta koma zama. Muka ce haƙora ne, aka ba ta jiƙe-jiƙe, abin bai tsaya ba. Sai surukata ta kira ni ta ce ita tun farko ba ta so aikin gadar nan ba, an kafa sansani a gindin tsamiyar da ko makiyaya ba sa zama da tsakar rana, an yi wata da watanni ana buga ƙarfe a kan mutanen ɓoye, dole su rama, kuma a kan ƙaramin yaron gida suke ramawa. Ta ce maganin abin shi ne a killace yarinyar, kada a fita da ita ko ƙofar gida, kada iskar korama ta taɓa ta. Ba mugunta ta yi ba, Allah Ya sani tana son jikarta fiye da ranta, kuma duk tsofaffin garin abin da suka ce ke nan. Na bi maganarta sau da ƙafa. Na daina goya ta zuwa rijiya, na daina fita da ita talla, na sa labule na rufe ƙofa, ana turare ana rubutu. Wayyo ni, a kan daɓen nan na shimfiɗa mata tabarma, ta wuni a kai ta kwana a kai.

Bayan girbi mahaifiyata ta aiko a kawo mata yarinyar can wajen Mallawa ta gwada nata maganin. Muka yi 'yan makonni a can, a bukkar kara mai yashi a ƙasa. Allah Sarki, yarinya ta fara cin abinci, ta fara dariya, har ta kama zanen kakarta ta miƙe. Da a ce ina da hankalin tsayawa in yi tunani, da na tambayi kaina me na baro a gida. Amma kowa ya ce ka gani, nisa da tsamiya ne, kuma maganin kaka ya ci. Da muka ga ta warware muka koma, aka sake killace ta a ɗakina. Lokacin rani ya shigo, an ci gaba da aikin gada inda aka tsaya saboda ruwa, ga Salla ta matso. Na dubi daɓena na ga ya koɗe, duk inda ake takawa ya zama gari yana tashi in ana shara. Sai na jawo sauran tukunyar daga ƙarƙashin gado na sake shafe shi, har da murnata za a zo barka da Salla a ga ɗakina.

Ba a daɗe ba abin ya dawo, ya fi na da. Wata rana da hantsi ina daka a tsakar gida sai na ji wani irin sauti daga ɗaki, ba kuka ba. Na jefar da taɓarya na shiga, na tarar da ita ta sanƙare, idanu sun kafe sama, haƙora sun datse, jikinta na karkarwa. Ranar na manta da wata kunyar 'yar fari, na sungume ta na fito ina kururuwa ina kiran sunanta a gaban surukata da kowa. Ta farfaɗo, amma daga nan abin ya riƙa zuwa yana komowa, duk zuwan da zai yi kuma sai ya tafi da wani abu nata. Ta daina cewa Inna. In na kira ta ba ta waiwayowa. Shi ma maigidana dama ya daɗe yana fama da murɗar ciki yana ɓoyewa, ga saurin fushi da ban san shi da shi ba, har ya taɓa wurgi da akushi a kan gishiri. Sai ga shi wata safiya hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, yana lilo, ko buta ba ya iya ɗagawa. Aka sallame shi daga aiki, tafinta ya ce ya je gidan likita a Magariya, ai ba shi ne na farko ba.

Maƙwabta suka ɗora shi a jaki, ni kuma na saɓa wa surukata karo na farko a rayuwata, na goya yarinyar na bi su. Mai duba marasa lafiya a can baƙin mutum ne daga ƙasashen bakin teku, Hausarsa a karye. Ya ɗaga leɓen maigidana ya nuna mana wani baƙin zare a dasashinsa, ya ce gubar dalma ce, jan fentin nan dalma ce zalla, masu aikin gada da yawa sun zo masa da haka, madarar da ake ba su ma don ita ake ba su, ko da yake ba ta hana komai. Na ji wannan, amma ban gama haɗa zancen ba sai da ya ce in sauke goyona. Ya dubi yarinyar, ya buɗe tafin hannunta, ya ga ja a ƙarƙashin farcenta. Ya tambaya ko ina kai ta shantiye, na ce a'a, in ban da zuwa wurin mahaifiyata, wata nawa ko ƙofar gida ba ta fita. Ya ce to ina ta samo wannan. Ni da bakina na ba shi labarin daɓe, tun daga garwa har shafen Salla. Mutumin nan ya cire tabaraunsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi kawai kada ta sake kwana a ɗakin nan, a tone ƙasar a kai ta nesa da rijiya a binne. Na tambaye shi ko za ta warke. Ya ce mai yiwuwa ta rayu, amma abin da dalma ta ci a kan yaro ba ya dawowa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na miƙa wa surukata yarinyar, na ɗauki gatari da fartanya na shiga ɗakin. Maza sun ce in bari su yi, na ce wallahi ba mai taɓa shi sai ni. Daɓen da mata suka yi wuni suna bugu ya yi tauri kamar dutse, na yi ta sara ina kuka har hannuwana suka fashe, matan da suka yi mini guɗa suna tsaye a bakin ƙofa. Surukata da farko ta ƙi yarda, ta ce likita bai san tsamiya ba. Amma da ta ga jijjigar ta ragu bayan mun koma bukka a bayan gida, sai ta daina maganar. Wata rana na same ta tana wanke wa yarinyar farce da tsinke tana hawaye, ta ce da ni ita ce ta sa aka rufe ta a ɗakin. Na ce Inna ni na shafa. Daga ranar ba mu sake tayar da zancen ba har ta rasu. Gada kuwa an gama ta kafin ruwa, ta yi kyau, kwamanda ya zo da kansa, aka yi kiɗa, motoci suka hau ba rawa ba kuka. Ina jiyo kiɗan daga bukka ina ɗura wa 'yata kunu da ludayi.

Hannun maigidana ya ɗan dawo amma bai sake riƙe hauya da kyau ba, haka ya lallaɓa har Allah Ya karɓi abinsa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya, yakan ce shi ne ya ce in yi. Na haifi wasu 'ya'yan bayanta, lafiya lau, sun yi aure sun hayayyafa. Ita kuwa ta rayu kamar yadda likita ya ce. Ta yi tafiya a makare, ba ta ji sosai, maganarta ba ta wuce ta ƙaramin yaro ba. Ba ta yi aure ba, ba ta san Salla daga Juma'a ba. Na yi fushi shekaru da yawa, da Nasaran da ya san ya rufe hancinsa bai san ya buɗe baki ya gaya mana ba, da tafintan da ya ce shara ce, amma fushin da ya fi daɗewa shi ne wanda na yi da kaina. Malamai sun ce mini abin da mutum ya yi bisa rashin sani Allah ba Ya kama shi da shi, na kuma yarda. Sai dai zuciyar uwa ba ta jin wannan karatun.

Abin da ya sa na ce sai an buga wannan labari shi ne, ina ganin irin kuskurena yana yawo a kasuwanninmu har gobe. Ina ganin mata na sayen jarkoki da gangunan da ba su san me aka zubo a ciki ba suna tara ruwan sha, ina ganin ana fasa tsohon batirin mota a tsakar gida yara na wasa a wurin, ina ganin maza na dawowa daga aikin fenti da na ƙarfe su rungumi jariri da kayan aikin a jikinsu. 'Yan'uwana mata, duk abin da aka zubar a wurin aiki kada ki kai shi ɗakinki don ya yi kyau a ido, ki tambaya tukuna, in an ƙi gaya miki ki bar shi. In kika ga mai aikin yana rufe hanci, ke ma ki tsorata. In yaro ya warke a wani gida ya dawo naki ya kwanta, ki duba ɗakinki kafin ki duba bishiya, ki kuma kai shi likita tun yana iya kiran sunanki. Ku kuma masu ba mutane aiki, ku ji tsoron Allah ku faɗa musu abin da ke hannunsu, ni da an faɗa mini, da magana ɗaya ta ishe ni. 'Yata tana nan tare da ni, furfura ta fito mata kamar yadda ta fito mini, har yau ni ke ɗaura mata zane ni ke sa mata abinci a baki in ta ƙi ci. Ƙarfina ya ƙare, kuma ba ta yarda da hannun kowa sai nawa. Duk uwa tana roƙon Allah Ya sa 'ya'yanta su binne ta, ni kuwa roƙona kullum shi ne Ya bar ni in rufe ta kafin a rufe ni, ko da da kwana ɗaya ne. Ku taya ni da addu'a.